Yaro Ya Bugu a Ka: Wa Za a Yi wa Hoto, Wa Za a Zuba wa Ido?

Duk gidan da aka yi renon yara a ƙasar Daura an san ƙarar nan: tim, sai ɗan shiru, sai ihu. Jariri ya mirgino daga gado. Goyo ya sulluɓe daga bayan yayarsa, wadda ita kanta ba ta wuce a goya ta ba. Ɗan shekara takwas ya rikito daga reshen darbejiya, ko amalanke ya hau kunya ya watso shi, ko an yi jefe-jefe wani ya sami rotsi. A Kongolam, garin kan iyaka da ke ƙaramar hukumar Mai'adua, akwai ƙari a kan waɗannan. Babura masu ɗauke da kaya suna keta gari ba dare ba rana, manyan motoci na bin titin da ya taso daga Kano ya ratsa Kazaure da Daura ya shige Nijar, yara kuwa suna talla a bakinsa.

Akasarin yaran nan za su yi kuka, ƙulu ya fito a goshi, a rarrashe su, kafin la'asar sun koma wasa. 'Yan ƙalilan ne jini ke tsiyaya a cikin kansu ba a gani, kuma duk tsoron a kansu yake. Abin da ya daɗe yana damun likitocin yara shi ne yadda za a tsamo waɗannan 'yan ƙalilan daga cikin taro ba tare da an tura kowane yaro cikin na'ura ba. Uban yaro kuwa tasa maganar gajeriya ce: "Likita, a yi masa hoto mana, hankalinmu ya kwanta." Ban ga laifinsa ba, domin ƙauna ce ta sa shi faɗa. Amma ra'ayina shi ne alamun da ke jikin yaro, da idon da ya san abin da zai duba, sun fi hoto amfani a mafi yawan lokuta. A wuri irin Kongolam kuwa, sanin alamun nan shi ke nuna wanda za a ɗauka a kama hanya tun rana ba ta faɗi ba.

Ƙoƙon kai rufaffe ne, ba ya buɗewa ya ba wani abu wuri. In jijiyar jini ta tsinke a ciki, jinin ba shi da mafita, sai ya taru ya danne ƙwaƙwalwa. Mafi yaudara shi ne wanda ke taruwa tsakanin ƙashi da fatar da ta lulluɓe ƙwaƙwalwa, galibi bayan bugu a gefen kai, saman kunne, inda ƙashin ba shi da kauri kuma wata jijiya ke bi ta ƙarƙashinsa. Yaro na iya suma na ɗan lokaci ya farfaɗo, ya yi magana, har ya ci tuwo, sannan bayan wasu sa'o'i ya fara ciwon kai mai tsanani, ya yi ta amai, barci ya danne shi har a kasa tashinsa. In aka buɗe aka kwashe jinin da wuri, yawanci yaron yakan warke sarai. In aka makara, ana iya rasa shi, ko ya rayu da naƙasa. Saboda irin wannan ne na'urar CT ta zama abin alfahari tun da injiniyan Ingila Godfrey Hounsfield ya ƙirƙiro ta, aka fara gwada ta a kan majiyyaciya a Landan a 1971. Tana zagaya kai da hasken eksire, kwamfuta kuma ta fitar da hoton ciki faifai-faifai, kamar yadda mai shayi ke yayyanka burodi. Cikin 'yan mintuna likita ya ga jini in akwai shi.

To, me zai hana a yi wa kowa? Amsar farko tana cikin wani babban bincike da wata ƙungiyar asibitocin gaggawa na yara a Amurka, mai suna PECARN, ta gudanar ƙarƙashin jagorancin Dakta Nathan Kuppermann, aka buga a mujallar Lancet a 2009. Sun bi yara 42,412 a asibitoci 25, dukkansu sun bugu a ka amma sun zo da hankalinsu ko kusa da haka. An yi wa 14,969 hoton CT, wato fiye da ɗaya cikin uku. Waɗanda aka samu da rauni mai haɗari na gaske su 376 ne, ba su kai ɗaya cikin ɗari ba. Waɗanda har sai da aka yi musu tiyata a kai kuwa su 60 ne kacal. Dubban yara sun sha hasken na'ura ba a sami abin da zai canza maganinsu ba.

Darajar binciken ita ce bai tsaya a ƙirga ba, ya fitar da alamun da ke raba yaran. Ga wanda bai kai shekara biyu ba, ana duba ko hankalinsa na nan daidai, ko ana jin karaya a ƙoƙon kai in an shafa, ko akwai kumburi a ƙeya ko gefen kai (na goshi ba shi da wannan nauyin), ko ya suma na daƙiƙa biyar ko fiye, ko faɗuwar mai tsanani ce, sannan ko iyayensa na ganin yana yadda ya saba. Wannan ta ƙarshen ta burge ni ƙwarai. Manyan likitoci sun auna da lissafi, sun tabbatar da cewa in uwa ta ce "wallahi likita, ba haka yake ba," maganarta hujja ce da ake sa wa a ma'auni. Ga wanda ya kai shekara biyu zuwa sama, ana duba hankalinsa, da suma kowace iri, da amai, da ciwon kai mai tsanani, da tsananin haɗarin, da alamun karayar gindin ƙoƙon kai: jini ko wani ruwa garai-garai na fita ta kunne ko hanci, baƙi ya zagaye idanu biyu, ko shatar jini a bayan kunne. Haɗari mai tsanani kuwa an fayyace shi. Faɗowa daga abin da ya wuce santimita 90 ga ƙarami, ko mita ɗaya da rabi ga babba. Mota ta kife ko ta watso yaro waje. Abin hawa mai inji ya buge mai tafiya a ƙasa ko mai keke marar hular kwano. Ko wani abu mai ƙarfi ya doki kai.

Yaron da ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan, yiwuwar a ce yana ɗauke da mugun rauni ba ta kai 1 cikin 2,000 ba, ga jarirai ma ta fi haka ƙanƙanta. Wannan ba ya buƙatar hoto. Wanda hankalinsa ya gushe ko ya rikice, ko ake ganin alamar karaya, haɗarinsa ya haura 4 cikin 100, shi kam a yi masa ba jayayya. Sauran suna tsakiya, kusan 1 cikin 100, kuma a kansu ne aka bar wa likita da iyaye zaɓi: ko a yi hoto, ko a ajiye yaron a asibiti a zuba masa ido na awa huɗu zuwa shida a ga inda ya dosa. Ingila da Kanada sun fitar da nasu ƙa'idojin a 2006 da 2010, kuma wani bincike a Ostireliya da Niyu Zilan a kan yara sama da 20,000, wanda aka buga a 2017, ya sake gwada su ya nuna ƙa'idar PECARN ba ta cika kuskuren yaro mai haɗari ba.

Amsa ta biyu ita ce hasken kansa. CT na kai guda ɗaya yana ba jiki hasken da ya kai kimanin na hoton ƙirji ɗari. Yaro yana girma, ƙwayoyin jikinsa na rarrabuwa da sauri, ƙashin kansa siriri ne, kuma yana da shekaru masu yawa a gaba da illa za ta iya bayyana a cikinsu. A 2012 Mark Pearce da abokan aikinsa suka buga sakamakon bin diddigin yara da matasa kusan 180,000 da aka yi wa CT a Birtaniya. Sun ƙiyasta cewa cikin kowane hoton kai 10,000 da aka yi wa 'yan ƙasa da shekara goma, za a sami ƙarin mutum ɗaya da sankarar jini da ƙarin ɗaya da ƙari a ƙwaƙwalwa cikin shekaru goma. Wani bincike da ya haɗa ƙasashen Turai tara, aka buga a 2023, ya zo da adadi makamancin wannan game da sankarar ƙwaƙwalwa. Ina so mai karatu ya riƙe wannan adadi da hannu biyu, domin ana ɓata shi ta fuska biyu. Ɗaya cikin dubu goma ƙaramin haɗari ne. In yaro na cikin waɗanda haɗarin jini a kansu ya kai huɗu cikin ɗari, uban da ya hana a yi hoto don tsoron sankara ya yi mummunan ciniki. Amma yaron da ke guje-guje lafiya lau, ƙulu ne kawai a goshinsa, an ɗora masa haɗari, komai ƙanƙantarsa, ba tare da ya sami komai a madadinsa ba. Ga kuma ƙananan yara da ba sa kwanciya shiru, wani lokaci sai an ba su maganin barci, shi ma da nasa haɗarin. Hoton kan nuna wani ɗan tabo marar illa, a kwantar da yaro, a sake wani hoton, iyaye su kwana ba barci a kan abin da zai warke da kansa.

Duk wannan an rubuta shi ne don ƙasashen da na'ura ke bayan ƙofar ɗakin likita, inda matsalar ita ce yawan amfani da ita. A Kongolam lissafin ya juya. Daga nan zuwa Kano kimanin kilomita 130 ne. Mai neman CT da likitan tiyatar ƙwaƙwalwa a wuri ɗaya, hankalinsa kan tafi manyan asibitocin koyarwa, irin su Asibitin Malam Aminu Kano, ko na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, ko cibiyar tiyatar ƙwaƙwalwa ta Asibitin Koyarwa na Usmanu Danfodiyo a Sakkwato. Daura ta sami ci gaba a harkar asibiti, har da na Sojojin Sama da aka buɗe a 2019, Katsina kuma tana da asibitin koyarwa na tarayya. Amma likitocin tiyatar ƙwaƙwalwa a duk Nijeriya, ƙasa mai mutum sama da miliyan 200, 'yan ƙalilan ne kuma a manyan birane suke. Kuɗin hoto dubban nairori ne masu yawa, ga kuɗin mota, ga abincin 'yan rakiya, a ƙasar da fiye da kashi 70 cikin 100 na kuɗin neman lafiya daga aljihun majiyyaci yake fitowa. Manomin da ya sayar da tunkiya a kasuwar Mai'adua don hoton da ba a buƙata, gobe in zazzaɓi ya kama ƙanen yaron ba shi da abin sayarwa. Wanda kuma ya ƙi sayarwa a ranar da ake buƙata, asararsa ba ta misaltuwa. Haka abin yake ga 'yan'uwanmu na ƙetaren iyaka, mutanen ƙauyukan Matamaye, da suke auna ko su nufi Damagaram ko su tsallako Daura.

Saboda haka nake ganin kuskure ne a ɗauko shawarar "a koma gida a sa ido" a liƙa ta a nan yadda take. Likitan Amurka da ya sallami yaro ɗan rukunin tsakiya ya san in abu ya canza da tsakar dare motar asibiti za ta dawo da shi cikin mintuna. A ƙauyen da ke bayan Kongolam, ƙarfe biyun dare, sai a nemi mai babur, a nemi mai, a bi shingayen jami'an tsaro, a isa Daura, wataƙila a ce a wuce gaba. Sa'o'in da jini ke buƙata ya yi ɓarna su ne waɗannan. Abin da ya dace shi ne a kusantar da yaron tun yana da hankalinsa. Wanda ba shi da alama ko ɗaya ya zauna gida. Wanda ke da babbar alama a wuce da shi kai tsaye inda ake da na'ura da mai yin tiyata, kada a ɓata lokaci ana bin ƙananan asibitoci ɗaya bayan ɗaya. Ɗan tsakiya kuwa, wanda ya yi amai ko ya ɗan suma ko ya faɗo daga nesa amma yanzu yana magana daidai, a kai shi babban asibiti a Daura ya yi sa'o'in lurarsa a can, ko da kwana ne, kusa da titi da mota da ma'aikacin jinya da zai riƙa duba shi. Kuɗin gado na dare ɗaya bai kai na hoto ba, kuma bincike ya nuna cewa lura na 'yan sa'o'i tana rage yawan hotunan da ake yi ba tare da an ƙara kuskuren masu haɗari ba.

Lura kuwa aiki ce mai ƙa'ida. Tun 1974 likitoci biyu a Gilasgo, Graham Teasdale da Bryan Jennett, suka tsara ma'aunin farkawa mai maki 3 zuwa 15 a tsarinsa na yau, wanda ke duba buɗe ido da magana da motsi, kuma "ƙaramin rauni" a bakin likita yana nufin maki na can sama. Ma'aikacin lafiya a ƙaramin asibiti na iya koyonsa a yini guda, ba ya buƙatar lantarki, tocila kawai don duba ƙwayar ido. A gida ma uwa za ta iya nata. Barci bayan kuka ba laifi ba ne, kuma hana yaro barci da ƙarfi ba ya kare shi daga komai. Abin dubawa shi ne in an taɓa shi yana farkawa, ya gane mai tashinsa, ya amsa sunansa. Amai da ya ƙi tsayawa, ciwon kai da ke ƙaruwa, jijjiga, tangaɗi, hannu ko ƙafa ta saki, magana ta harɗe, baƙin ido ɗaya ya fi ɗaya girma, jariri ya ƙi nono ko maɗigarsa ta kumbura: kowanne daga ciki ya isa a tashi a tafi, ko ƙarfe nawa ne. Kwana biyun farko su ne na tsaro.

Akwai wani tarko da ƙasidun Turai ba su damu da shi ba amma mu ya shafe mu. Da damina, amai da jijjiga da nauyin barci su ne kuma alamun zazzaɓin cizon sauro mai taɓa ƙwaƙwalwa, da bazara kuma na sanƙarau. Yaro ya faɗi shekaranjiya, yau yana amai, a kai shi kyamis a ce maleriya ce, a yi masa allura, ba wanda ya ambaci faɗuwar. Ko kuma akasin haka, zazzaɓin ne ya sa shi jiri har ya faɗi, a ɗora komai a kan bugun. Dole a faɗa wa ma'aikacin lafiya labarin faɗuwar ko da bai tambaya ba, shi kuma ya yi gwajin jini kafin ya yanke hukunci. Yayar da ta yar da ƙanenta sau da yawa tana ɓoyewa don tsoron duka, sai a rasa labarin da ya fi kowane gwaji muhimmanci. A tambaye ta cikin lallashi. Jariri ɗan watanni da aka kawo da kumburin kai ba tare da gamsasshen bayani ba yana buƙatar ƙarin bincike, domin wanda bai fara rarrafe ba ba ya jefa kansa ƙasa, kuma jijjiga jariri da ƙarfi don ya daina kuka na iya tsinka jijiyoyin kansa.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne kuɗin da ake zubarwa a kan hoton eksire na ƙoƙon kai. Ya fi araha, ya fi kusa, kuma ana miƙo wa uba babban fim ya riƙe a hannu ya ji an yi wani abu. Amma ƙashi kawai yake nunawa. Ana iya samun jini a ciki ƙashi lafiya lau, ana iya samun tsaga a ƙashi ƙwaƙwalwa lafiya lau. Iyaye su ji "hoto bai nuna komai ba" su saki jiki, alhali ba a ma leƙa inda ake tsoro ba. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, a ƙa'idojinta na 2018 kan ƙaramin raunin ƙwaƙwalwar yara, ta ce kada a yi amfani da shi don wannan. Sikanin irin na masu juna biyu ba shi da haske mai illa, kuma a hannun gwani yana iya gano tsagewar ƙashi ko ya leƙa ta maɗigar jariri kafin ta rufe, sai dai ba ya ganin gefe-gefen da jini ya fi taruwa, don haka ba ya wanke yaro. Na'urar hoto ta MRI ba ta amfani da hasken eksire, amma ta fi tsada, ta fi ɗaukar lokaci, ta fi wuyar samu. In har CT za a yi, uba na da ikon tambaya cikin ladabi: "Ranka ya daɗe, an rage ƙarfin hasken daidai da yaro?" Na'urorin suna da saitin yara, kuma akwai hukumar tarayya mai kula da harkar nukiliya da ke da alhakin sa ido a kan masu amfani da su. A kuma adana fim ko faifan da aka bayar, don kada asibiti na gaba ya maimaita.

A gida, farasitamol ya isa don ciwon kai. A guji asfirin, domin yana tsinka jini, a guji maganin mura mai sa barci, domin yana rufe alamar da ake jira a gani. Gasa ƙulu da ruwan zafi ko murza shi da ƙarfi ba ya amfani, tsumma mai sanyi ya fi. Mai ɗori na da fagensa a idon jama'a, amma kai ba wurin danne-danne ba ne, kuma tsaga ko sakiya a kan kumburin kai ƙofa ce ta shigar ƙwayar cuta. Addu'a da tofi a yi su a hanya, cikin mota.

Ko da hoto ya fita fes, ba a gama ba. Girgizar ƙwaƙwalwa ba ta bayyana a CT, amma yaro zai iya yin kwanaki da jiri, ciwon kai, saurin fushi da rashin riƙe karatu. Yawanci yakan wuce cikin mako biyu zuwa huɗu. Ya huta kwana ɗaya ko biyu, ya koma makaranta a hankali, kada malami ya ɗauka lalaci ne ya sa masa bulala. Ƙwallo da kokawa da dambe da hawan babur su jira sai alamun sun gushe gaba ɗaya, domin bugu na biyu a kan wanda bai warke ba ya fi na farko haɗari nesa ba kusa ba.

Duk tsarin nan ya dogara ne da samun babba guda da ya san yaron, wanda zai tashi da dare ya taɓa shi. Almajirin da babur ya buge a bakin titi, ya miƙe ya kakkaɓe rigarsa ya ɗauki robarsa, ba shi da wannan mutumin. Zai koma tsangaya ya kwanta cikin 'yan'uwansa, in bai tashi karatun asuba ba a ce nauyin barci ne. Ina roƙon alarammomi da gardawa na ƙasar Daura su ɗauki wannan a matsayin amanar da iyaye suka damƙa musu: duk yaron da ya bugu a ka ya kwana kusa da babba, a tashe shi a yi masa magana cikin dare, in ya yi amai ko ya rikice a nemi mota nan take. Sashen lafiya na ƙaramar hukuma zai iya buga alamun nan a takarda guda, da boko da ajami, a raba wa tsangayoyi da makarantun firamare da masu kyamis da ƙungiyar 'yan acaɓa, waɗanda galibi su ne na farko da ke isa wurin da yaro ya faɗi, tare da lambar wayar asibitin da za a kira kafin a taso.